Jimlolin da Mai Raino Ta Kawo Aji

Zuwa ga 'yata, Uwata ta kaina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da jikokina. Yaya tarin autanku, ya sake shi? Ni dai alhamdu lillahi. Ƙugun da na faɗi a kansa a banɗaki ya daina yi mini tsiya, sai in na daɗe a tsaye. Kin yi ƙorafin ba na ɗaga waya. Ina ɗagawa, Uwata, ji ne ba na yi, kunnen hagu ya bi ni ritaya. Ki bar ni da alƙalamina.

Na ga kin sake cewa in zo in huta a wurinku. Allah ya yi miki albarka. To amma wa zan bar wa ɗalibaina? Su uku ne yanzu suke zuwa da yamma, muna zama a falo gaban allon nan da mahaifiyarku, Allah ya jiƙanta, ta yi mini faɗa ranar da na kafa shi a bango. Akwai Bakanike, mai bakin tsiya, wanda yake son Turanci saboda masu manyan motoci su daina raina shi. Akwai Maigadi, mutum mai natsuwa. Ta ukun kin san ta, Mai Rainon gidan yayanki ce. Matar yayanki ce ta turo ta da kanta, wai yaran ba sa amsa mata sai da Turanci.

Kin san tsarina tun ina koyarwa a makaranta, ban canza ba. Ba na son jimlar littafi. Kowa ya je wurin aikinsa ya kasa kunne, ya kawo mini abin da ya ji wani ya faɗa da bakinsa. Doka ɗaya ce: ba a faɗin sunan wanda ya yi maganar. A wannan makon muna kan put up. Kalmomi ne biyu ƙanana, amma ba su da sana'a ɗaya. Da su ake ɗaga hannu, da su ake kafa tanti, da su ake ƙara farashi, da su ake saukar da baƙo. Bakanike ya ce wannan ba yare ba ne, damfara ce.

Shi Bakanike ya kawo ta wani mai mota da ya yi masa masifa don ya ƙara kuɗin gyara. Maigadi ya kawo wadda aka ce masa ya liƙa sanarwa a bakin ƙofa. Sai Mai Raino ta miƙe. Matar nan in tana magana sai na juya mata kunnen dama, amma ran nan tar na ji ta. Ta ce, I cannot put up with him any longer. Har da ɗan jan muryar nan da matar yayanki take yi in ranta ya ɓaci. Na yi musu bayani cewa a nan haƙuri ake nufi, wato mai maganar ta gaji da jure wa wani. Bakanike ya ce ai wannan kullum matarsa tana faɗa masa da Hausa, bai san darasi ba ne. Aka yi dariya, ban da Mai Raino. Ido ta zuba mini, ita da ko gaisuwa ba ta yi sai kanta a sunkuye.

Tun daga nan hankalina bai kwanta ba. Wane ne aka gaji da shi? Ina tsoron ko wani saɓani ne ya shiga tsakanin yayanki da matarsa, suna ɓoye mini don kada hawan jinina ya tashi. In kin san wani abu ki faɗa mini, ni ba yaro ba ne.

Af, na manta. Yayanki ya turo wani mutum ya duba rufin gida, wai kafin damina. Mutumin ya zo da takalmi sai ƙyalli. Ban taɓa ganin mai gyaran rufi da irin wannan takalmin ba, amma duniya ta ci gaba.

Ki gaishe mini da maigidan, ki shafa kan yaran.

Mahaifinki,
Baba Ticha

*

Uwata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, babba da yaro. Na ji daɗi da tarin ya tafi. Na kuma ga labarin ɗakin da kika ce kin yi wa fenti, har an sa ƙarfen dafawa a banɗaki saboda ni. Kai, wannan ɗawainiya haka, don baƙon da bai ce zai zo ba? Allah ya saka da alheri.

Kin ce in daina sa abu a rai, lafiya lau yayanki yake da matarsa. To, na yarda. Amma in ba shi aka gaji da shi ba, saura wa? Ki karanta abin da ya biyo baya ki gaya mini ko tsufa ne yake wasa da ni.

Na ƙara musu mako a kan put up, don ba mu cinye ma'anoninta ba. Maigadi ya kawo ta laima, Bakanike ya manta bai yi ba, ya ƙirƙiro wata a bakin ƙofa na kama shi. Mai Raino ta bari sai da kowa ya gama, sannan ta ce, We will put the house up for sale before the rains. Na rubuta a allo. Na ja layi a ƙarƙashin put, na ja a ƙarƙashin up, na nuna musu yadda gida ya shiga tsakaninsu ya zauna. Na ce ma'anar ita ce a sa gida a kasuwa. Muryata ba ta yi rawa ba, amma allin sai da ya karye a hannuna.

Uwata, wane gida yayanki yake da shi na sayarwa? Wanda yake ciki na wurin aikinsa ne. Gida ɗaya ne a zuriyar nan, shi ne wanda nake zaune a falonsa ina rubuta miki wannan.

Mai takalmi mai ƙyalli ya dawo. Wannan karon na ja kujera na zauna a tsakar gida ina kallonsa. Ya ɗauki hoton ƙofar waje. Ya ɗauki hoton bishiyar lemon da mahaifiyarku ta shuka. Ya ja igiyar awo daga katanga zuwa katanga, ya tambaye ni ko ruwan famfo yana zuwa kullum, ko maƙwabta suna da hayaniya. Na ce masa tsani yana bayan kicin in yana son hawa rufin. Ya ce ba sai ya hau ba, daga ƙasa yake gane matsala. Na ce lallai gwani ne shi, don ni daga ƙasan ma na gane tawa.

Kada ki ce na yi saurin yarda da mai aiki a kan ɗan cikina. Ita ma na zarge ta. Akwai wata ma'anar da ban koya musu ba tukuna, put someone up to it, wato a zuga mutum ya aikata abu. Na ce ko wani ne ya zuga ta ta haɗa ni da ɗana? Ko tana jin haushin uwar ɗakinta ne? Bayan an tashi na tsayar da ita, na ba ta wasu jimloli masu sauƙi ta juya mini. Har yanzu ba ta rarrabe namiji da mace a Turanci, Bakanike ma mace take mayar da shi. Wadda take wannan tuntuɓen ba za ta iya gina waccan jimlar da kanta ba. Haddace ta ta yi kamar yadda ta fito daga bakin mai ita. Na tambaye ta a ina ta ji. Ta ce ai Ticha ne ya kafa doka ba a faɗin suna. Ta ɗauki jakarta ta tafi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne su. Su suka turo ta koyon Turanci, su suke ba ta kuɗin mota, amma suna zaune a teburin cin abinci suna sirrinsu da Turanci a gabanta kamar bango ce. Sun saba in sun juya harshe shi ke nan sun rufe ƙofa. Sun manta sun aika ta wurina.

Yanzu ga roƙona. Maganar nan ke kaɗai na gaya wa, ko Maigadi da Bakanike ba su san gidan da ake nufi ba. Kada ki tambayi yayanki komai, kada ki nuna kin sani. In ya gane ta inda maganar ta fito, matar nan ta rasa aikinta, kuma da shi take riƙe da tsohuwarta marar lafiya. Ina so in zuba ido in ga iyakar gudunsu. Gidan da sunana yake, sai na yarda za a taɓa shi, abin da ban gane ba shi ne ta yadda suke shirin samun yardar.

Na gaya miki ne don in ban faɗa wa wani ba cikina zai fashe. Ki sa ni a addu'a.

Mahaifinki,
Baba Ticha

*

Uwata,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya. Ban ga amsarki ba, amma ba zan iya jira ba.

Mai Raino ta daina zuwa. Zama na farko na ce ko tsohuwarta ce jiki ya motsa. Na biyu na bar kujerarta a inda take, har Bakanike ya so ya ɗora ƙafa a kai na daka masa tsawa. Sai ga yayanki da tsakar rana, ranar aiki, da leda cike da ayaba da tuffa. Yaushe rabon da ya bar ofis saboda ni? Ko ranar da na faɗi, direba ya turo.

Ya zauna yana ta fara'a, ya tambayi ƙugu, ya tambayi magani. Can ya ce af, sun sallami mai rainonsu, wai yara sun girma. Yara sun girma a cikin mako biyu! Ya ce kada in damu, za su samo wata wadda ta riga ta iya Turanci. Yana maganar idonsa yana kan allo. Na goge jimlar tun tuni, amma kin san allon nan ya tsufa, ba ya sakin rubutu gaba ɗaya. Da zai tafi, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce mutum mai shekaruna bai kamata yana sauraron tsegumin masu aiki ba.

Wane tsegumi? Ni ban ce masa an yi mini tsegumi ba. Na bi shi da ido har ya shiga mota, amma na sha jinin jikina.

Na zauna na bi mutane ɗaya bayan ɗaya. Bakanike surutu gare shi kamar rediyo, to amma bai san yayanki ba, ko motarsa bai taɓa gani ba. Na ɗan bugi cikinsa, na tarar ya ma manta jimlar, abin da ya riƙe kawai shi ne put up tana da wahala. Maigadi kuwa in ka ba shi magana kamar ka jefa ta rijiya. Na ce ko Mai Rainon ce ta tona kanta? Matar da ta ƙi gaya mini suna a cikin falona ba za ta je ta faɗa a gaban uwar ɗakinta ba. Har mai kai wasiƙa na zarga, Allah ya yafe mini, bawan Allah da ko adireshi da ƙyar yake karantawa.

Shi ya sa nake tambayarki, kuma ki yi tunani sosai kafin ki amsa. Takardata ta iso miki a rufe? A ina kika ajiye ta? Ko maigidanki ya gani ya kira yayanki da kyakkyawar niyya? Ko yaran sun ɗauka suna wasa wani ya karanta? Irin wannan yana faruwa, ba zan yi fushi ba. Ki dai faɗa mini ta inda ta zube, don na rasa barci a kan matar nan. Ni na kafa dokar kawo abin da kunne ya ji, ni na rubuta zancenta a takarda.

Maigadi ya ce ya san unguwarsu, zai raka ni in ya tashi daga aiki.

Mahaifinki,
Baba Ticha

*

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da iyalinki. Amsarki ta zo. Shafi biyu a kan fenti da katifa da yadda iskar wurinku za ta yi wa ƙuguna daɗi, amma tambayata ko kallonta ba ki yi ba. Ba komai, na samo amsar a wani wurin.

Mun sami Mai Raino, ni da Maigadi. Ɗaki ɗaya ne a bayan wani shagon walda, ita da tsohuwarta, ƙarar injin ba ta barin mutum ya ji kansa. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta rasa inda za ta sa kanta don kunya, alhali ni ya kamata in ji kunya. Na ba ta haƙuri. Ta ce ba laifina ba ne, tun ranar da ta buɗe baki a aji ta san za a iya zuwa nan. Ta ce ta daɗe tana neman hanyar gaya mini, amma ba ta iya kallon dattijo ta ce masa ɗansa yana shirya masa abu, sai ga aikin gida ya ba ta hanya. Ta ji muna kan put up, ta tuna ta sha jin kalmar a teburinsu.

Sannan ta ce akwai saura ɗaya da ba ta kawo ba. Na ce ta faɗa. Ta kalli Maigadi, ya tashi ya fita. Ta ce, Your sister will put him up until the house is sold.

Ba sai na fassara miki ba, ni na koya miki Turanci a kan allon nan tun ba ki kai tsayin teburi ba. Amma bari in yi aikina. A nan put up saukar da baƙo ne, a ba shi wurin kwana na ɗan lokaci. Ƙanwarka za ta sauke shi har a sayar da gidan. Yayanki ƙanwa ɗaya gare shi. Ga fenti, ga katifa, ga ƙarfen dafawa a banɗaki.

Kin san abin da ya fi ci mini rai? Ta ce wannan ita ce ta farko da ta ji, tun kafin sauran biyun. Ta riƙe ta ne saboda ni. Ta ce duk misalin da nake bayarwa a aji da ke nake bayarwa: 'yata ta rubuto, 'yata ta iya kaza, 'yata ba ta ɓoye mini komai. Ta ce ta kasa. Ta zaɓi ta ba ni ta ɗana da ta surukata, ta rage mini ke. Ita da ba ta taɓa cin abincinki ba ta rufa miki asiri, ke kuma kika karanta roƙona da idonki, kika ɗaga waya kika ba da sunanta.

Na yi fushi, Uwata, fushin da rabona da irinsa tun ina saurayi. Na dawo gida na zauna ƙarƙashin lemon nan na yi kuka, ban ɓoye wa kowa ba. Na san abin da za ki ce. Za ki ce na faɗi a banɗaki na kwanta a ƙasa har maƙwabci ya ji kirana, za ki ce kuna tsoron wata rana a fasa ƙofa a same ni. Tsoron nan gaskiya ne, ni ma ina jin sa duk lokacin da na taka jiƙaƙƙen siminti. Da kun zo ku biyu kun zauna a gabana kun faɗa da Hausa, da na yi masifa, da na kore ku, wataƙila kuma bayan wata ɗaya in kira ku in ce ku kawo mai awon. Amma kuka zaɓi ku ɗauke ni da sunan hutu, in na yi nisa da ɗalibaina da maƙwabtana, ina cin abincinki ina kwana a katifarki, sannan a kawo mini maganar lokacin da kunya ba za ta bar ni in ce a'a ba. Dabara ce mai kyau. Da ta ci.

To ga yadda ake ciki. Gida ba na sayarwa ba ne, na gaya wa yayanki a gaban matarsa, ya yi ta kallon takalminsa. Mai awo ya sake zuwa, Bakanike ya tare shi a ƙofa ya yi masa Turancin da ni kaina ban san ya iya ba. Maganar zama ni kaɗai kuma ta ƙare. Ɗakinki mai ƙofa ta tsakar gida, wanda na hana kowa taɓawa tun ranar da kika bar gidan nan, na buɗe shi. Mai Raino da tsohuwarta suna ciki. Tana dafa mana abinci, ina biyanta daga fanshona, in na daɗe a banɗaki tsohuwar tana buga mini bango da sandarta har sai na amsa. Littattafanki da 'yar tsanar nan mai ido ɗaya na zuba su a akwati, suna ƙarƙashin gadona, babu abin da ya ɓata.

Jiya mun rufe put up, mun koma wata. Ɗalibai sun lura na daina ba da misali da 'yata. Maigadi ne kawai ya ɗago ya kalle ni.

Ban cire ki daga raina ba, ba na jin zan iya. Amma kada ki sake rubuto mini labarin fenti. In za ki rubuto, ki bi dokar ajina da gyara ɗaya: ki kawo mini jimlar da aka faɗa da baki, wadda kika gaya wa yayanki ranar da kika gama karanta takardata, kalma da kalma, kuma wannan karon a faɗi sunan mai maganar. In kin fi so ki kawo ta da kanki, ƙofa a buɗe take, zan sauke ki. Sai dai ɗakinki da mutane, a falo za ki kwana, ƙarƙashin allo.

Ki gaishe da yaran, su ba ruwansu.

Mahaifinki har yanzu,
Baba Ticha